Za a buɗe gidan gem na matasa a rukunin shagunanku? Ga yadda ake tunkarar maganar

Da zarar labari ya bazu cewa shagon nan da ya daɗe a kulle an samu mai kama shi, kuma na'urorin gem na matasa zai zuba, maganar da ake fara ji a bakin maƙwabta ita ce, "Yara za su cika mana wuri." Mai kantin magani yana tuna tsofaffin da ke shigo masa da sanda, mai gyaran gashi tana tuna hayaniya, mai sayar da waya yana tuna masu saurin hannu. Kowa da hujjarsa. Sai dai maganar a haka ba ta da nauyi a gaban mai gini, don ba ta da awo. Shi shago gare shi a kulle wata da watanni, ga wanda ya zo da kuɗin haya a hannu. Idan abin da kuka kai masa fargaba ce kawai, zai saurare ku cikin mutunci, ku fita, ya sa hannu.

Abin da ke aiki shi ne a ɗauki kowace fargaba a mayar da ita sharaɗin da za a iya aunawa, a shigar da shi cikin yarjejeniyar hayar sabon ɗan hayan. Lokacin yin hakan gajere ne. Kafin a sa hannu, mai gidan gem ne ke neman shiga, kusan duk sharaɗi mai ma'ana zai karɓa. Bayan ya gama gyaran shago ya jera na'urori, duk abin da kuka nema ya zama roƙo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ku fara da takardunku

Kowa ya ɗauko tasa yarjejeniyar haya ya duba abu uku. Na farko, ko akwai jerin sana'o'in da mai gini ya yi alkawarin ba zai shigo da su ba. Manyan 'yan haya, musamman babban kantin da ke jawo wa rukunin jama'a, sukan sa a rubuta musu irin wannan jerin, kuma gidan gem yakan faɗo ciki tare da gidan rawa da makamantansu. Idan akwai, magana ta kusa ƙarewa, sai dai ku sani wanda aka rubuta wa sharaɗin shi kaɗai ke da ikon tsayawa a kai. Na biyu, abin da aka ce game da haƙƙinku na yin ciniki ba tare da takura ba. Na uku, yadda ake raba kuɗin kula da wuraren da kowa ke amfani da su: gadi, shara, banɗaki, fitilun waje. Yawanci da faɗin shago ake rabawa. Ke nan idan aka ƙaro mai gadi saboda gidan gem, ku ma za ku biya, sai fa in an rubuta akasin haka. Wannan layin mutane sukan tsallake shi, sai ƙarshen shekara su ga lissafi ya tashi.

Sannan a tambayi hukumar da ke ba da izinin gini da sauya amfanin shago ko irin wannan wurin yana buƙatar izini na musamman. A wurare da yawa shagon saye da sayarwa daban, wurin taruwar jama'a daban a idon doka, kuma sauyawa daga wannan zuwa wancan yana buɗe ƙofar sauraron ra'ayin maƙwabta.

Rigimar ba sabuwa ba ce. Birnin New York ya haramta na'urar pinball, wadda ake wasan ɗan ƙwallon ƙarfe a cikinta, daga 1942 har zuwa 1976. Garin Mesquite a jihar Texas ta Amurka ya hana 'yan ƙasa da shekara 17 buga na'urar da ake sa wa tsaba sai da iyaye, kamfanin Aladdin's Castle mai gidajen gem a cikin manyan rukunonin shaguna ya kai ƙara, shari'ar ta kai Kotun Ƙoli a 1982, ita kuma ta mayar da batun shekarun ga kotun da ke ƙasa da ita. A wannan shekarar garin Marshfield na jihar Massachusetts ya haramta na'urorin baki ɗaya, bai janye ba sai 2014. Hani na gaba ɗaya yana yiwuwa, amma hanyarsa doguwa ce mai cin lauya, kuma ƙaramin ɗan haya ba kasafai yake da numfashinta ba. Sharuɗɗa sun fi saurin samuwa.

Abin da za ku nema, da abin da za ku auna

Ku nemi mai gini ya karɓo muku waɗannan a rubuce daga mai son buɗewa: zanen shagon da inda kowace na'ura za ta zauna, yawan na'urorin da irinsu, lokutan buɗewa da rufewa na ranakun makaranta da na hutu, shekarun da yake nufi da "matasa", yawan ma'aikata a lokacin cunkoso, da ko akwai na'urar da ke ba da kyauta. Wanda ya san sana'ar zai kawo su cikin kwana biyu. Wanda ya ce "sai mun buɗe mu gani" ya riga ya ba ku amsa.

Ku kuma akwai aikin da ke kanku, kuma shi aka fi sakaci da shi. Tun kafin a buɗe, ku yi mako biyu kuna rubuta halin da wurin ke ciki: yawan masu shiga shago a kowace awa, gurbin mota nawa ne babu kowa da ƙarfe 4 da ƙarfe 7 na yamma, kayan da suka ɓata a watannin baya, da ƙarfin sauti a cikin shago. In babu wannan, bayan wata uku za ku ce abu ya lalace, a ce muku dama haka yake, kuma babu mai iya raba gardamar.

Sauti

Nan ne aka fi ɓarnar kuɗi a kan gyaran da ba ya gyara komai. Da desibel ake auna sauti. Hira ta yau da kullum tana wajen 60. Ƙarin 3 yana nufin ƙarfin sautin ya ninka, ko da yake kunne ba ya jin ya ninka sai an ƙara kamar 10. Ma'aunin kare ma'aikata da aka fi ambata shi ne 85 na tsawon awa 8, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu, wato 88 awa 4 ke nan. Manhajar waya ta isa a kwatanta jiya da yau idan waya ɗaya ce kuma wuri ɗaya ake tsayawa. Don yarjejeniya kuwa a samo na'urar awo ta gaske, a auna da ma'auni biyu, A da C. Ma'aunin A yana rage wa sauti mai kauri daraja, alhali wannan dum-dum ɗin shi ke ratsa bango ya hana mutum sakewa, ma'aunin C kuwa yana kama shi.

Abu na farko da za a duba ba ya buƙatar na'ura. A kafa tsani a jikin bangon da ya raba shagunan, a ɗaga falle ɗaya na silin, a haska tocila. A gine-gine da yawa bangon a daidai silin ya tsaya, samansa fili ne fetal har shagon gaba. Komai kaurin bangon, sauti zai haura ta nan. Dole a ɗaga shi har ya taɓa dakalin sama, a toshe duk inda bututu ko waya ya ratsa da abin liƙi marar bushewa ya tsage. Lissafin ba ya da sassauci: idan ramuka suka kai kashi 1 cikin 100 na faɗin bango, ba zai tare fiye da desibel 20 ba, ko da me aka gina shi.

Nauyi da tazara su ke tare sauti. Ninka nauyin bango yana ƙara kamar desibel 5 zuwa 6. Abin da ya fi shi ne a tayar da bango na biyu ta gefen gidan gem, a kan nasa ƙarafan, ba ya taɓa na farko, a bar tazara a cusa audugar dutse mai kaurin milimita 50 zuwa 100, a rufe da allon jifsam mai milimita 15 falle biyu, mahaɗar na sama ba ta hau kan ta ƙasa ba. Kada a sa soket baya da baya a bangon biyu. Soso mai tudu-tudu da kwalin ƙwai da ake mannawa ba sa hana sauti fita. Soson yana rage amsa-kuwwa a cikin ɗakin, kuma wannan ma yana da rana, domin ɗaki mai tayil da gilashi yakan sa kowa ya ɗaga murya don a ji shi, na kusa da shi ya ƙara ɗagawa. Kafet da silin mai shan sauti suna kwantar da wannan. Amma kada a nuna muku soso a ce an gama da bango.

Akwai kuma sautin da ke bin daɓe. Na'urar rawa da ake takawa, ta jefa ƙwallon kwando, ta naushi, da tebur ɗin da ake buga faifai a kan iska, duk suna aika girgiza ta cikin siminti. Waɗannan a kai su nesa da bangon maƙwabci, a ɗora su kan roba mai kauri, kada bayan kowace na'ura ya jingina da bango. Idan gidan gem a bene yake kuma akwai shago a ƙarƙashi, na ƙasan ya fi kowa haƙƙin magana.

Wani abu da masu sana'ar suka sani, maƙwabta ba su sani ba: yawancin na'urorin suna kiɗa da kansu ko babu mai wasa, don jawo hankali. Ana iya rage wannan ko a kashe shi daga saitin da ke bayan ƙofar na'urar, inda mai makulli kaɗai ke kaiwa. Na'ura 30 suna kiran kasuwa lokaci guda a ɗakin da babu kowa, rabin hayaniyar safe ke nan, kuma gyaransa ba ya cin komai.

Sharaɗin da za a rubuta ya zama kamar haka: a tsaya cikin shagon maƙwabci, mita 1 daga bangon, ƙofa a rufe, dukkan na'urori a kunne, sautin kada ya wuce awon da aka yi kafin buɗewa da fiye da desibel 5. A gwada kafin ranar buɗewa, a gaban kowa.

Wuta da zafi, da yadda suke ɓata aikin sauti

Duk wutar da na'ura ta ja, zafi take komawa a cikin ɗakin. A bayan kowace akwai ɗan allo da ke nuna abin da take ja, a tara su. A misali, na'ura 30 in kowace tana jan wat 300, kilowat 9 ke nan. Mutum 50 masu tsalle da motsi, a ba kowa wat 150, wani kilowat 7.5. Tan ɗaya na na'urar sanyaya ɗaki kilowat 3.5 yake kwashewa, don haka ana neman kusan tan 5 tun ba a lissafa fitilu da zafin rana ba. Shagon da a da tufafi ake sayarwa ba shi da wannan. Idan ba a ƙara ba ɗakin zai yi zafi, ma'aikaci zai tokare ƙofa da kujera don iska ta shiga, duk kuɗin da aka kashe a bango ya tafi a banza. Shi ya sa ƙofa mai rufe kanta take cikin sharaɗi, in da hali ma ƙofa biyu da ɗan zaure a tsakani. Ku kuma tabbatar gidan gem yana da mitarsa da layinsa daban, don kada ya riƙa kashe wa maƙwabta wuta.

Batun gobara a bar wa jami'an kashe gobara su faɗi adadin mutanen da ɗakin zai ɗauka, a manna lambar a bakin ƙofa. A ƙa'idar gini da ake bi a Amurka, irin wannan ɗakin in zai ɗauki mutum 50 ko fiye sai da mafita biyu, ƙofofin kuma waje suke buɗewa. Ƙofar baya a sa mata ƙararrawa, kada a sa mata kwaɗo.

Bakin ƙofa

Yawancin abin da ke damun maƙwabta ba a cikin gidan gem yake faruwa ba. Yaron da ke wasa hankalinsa na kan allo. Wanda ke tsaye a baranda shi ne wanda kuɗinsa ya ƙare, ko yake jiran aboki, ko yake jiran a zo a ɗauke shi. Idan babu wurin zama a ciki, dakalin shagonku zai zama wurin zamansa. Don haka abin nema, ko da ya yi kama da sassauci, shi ne a ware kujerun jira a cikin gidan gem, kada a kori wanda ya gama wasa nan take.

Teburin mai karɓar kuɗi ya kasance daf da ƙofa, ta yadda yana ganin ciki yana ganin baranda. Gilashin gaba a bar shi a fili, kada a rufe shi da fosta ko a jera dogayen na'urori a bayansa. A lokacin cunkoso ma'aikata su zama aƙalla biyu, domin in ɗaya ya je cire tsabar da ta maƙale, teburin ba ya zama babu kowa. Ɗaya daga cikinsu kuma ya zama babba sosai. Ɗan shekara 19 ba ya iya korar abokan ƙaninsa, kuma ba laifinsa ba ne.

A rubuta iyakar barandar da mai gidan gem ke da alhakinta, misali mita 10 hagu da dama, shi zai share, shi zai sallami taro. A tanadi wurin jingine keke da kwandon shara a inda ba su tare ƙofar kowa ba. Matasa ba sa cin gurbin mota sosai, abin da ke toshe hanya shi ne iyaye masu tsayawa a tsakiyar layi suna jira, injin a kunne. Gurbi biyu ko uku na tsayuwar minti 10 a gefe suna warware wannan.

Lokacin tashi ya fi kowane lokaci haɗari, don mutum 40 ne ke fitowa tare a daidai sa'ar da maƙwabta ke ƙirga ciniki suna jan ƙofa. A raba lokacin tashin gidan gem da na maƙwabta da rabin awa, a daina sayar da wasa minti 20 kafin rufewa don su riƙa fita kaɗan-kaɗan, mai gadi kuma ya tsaya har barandar ta watse. Ba lallai a ɗauki mai gadi na yini guda ba. Awannin bayan tashi daga makaranta da yammacin ƙarshen mako su ne ake buƙata.

Game da shekaru akwai misalan da za a iya aro. A Japan doka ta hana 'yan ƙasa da 18 shiga gidan gem bayan ƙarfe 10 na dare, yankuna da yawa kuma sun sa ƙarfe 6 na yamma ga 'yan ƙasa da 16 in ba tare da babba ba. Mall of America, babban rukunin shaguna da ke jihar Minnesota ta Amurka, a 1996 ya ce 'yan ƙasa da 16 sai da rakiyar babba a yammacin Juma'a da Asabar. Mafi sauƙin sharaɗi, wanda ba a cika gardama a kansa ba, shi ne hana 'yan makaranta shiga a lokutan darasi.

Kyamara tana da amfani in an kafa ta daidai. Don a gane fuskar wanda ba a sani ba, ƙa'idar da masu kafawa ke bi ita ce ɗigon hoto (pixel) 250 a kowace mita, ke nan kyamara mai ɗigo 1920 a faɗi, faɗin wurin da za ta ɗauka bai kai mita 8 ba. Wadda aka maƙala can ƙololuwa tana kallon filin mota duka, hula da ƙeya kawai za ta nuna. A sa ɗaya a ƙofa tana fuskantar masu shigowa, ba ta fi mita 2.5 daga ƙasa ba, a gwada ta da rana tsaka lokacin da hasken waje ke mayar da fuska baƙar inuwa. A amince kan kwana nawa za a ajiye hoto da wanda ke da ikon dubawa, tunda yara ake ɗauka.

Na'urorin kyauta kuwa, irin mai ƙugiya da ke ɗauko 'yar tsana da mai tura tsaba, a tambayi matsayinsu a dokar wurin. A Birtaniya dokar caca ta 2005 ta sa su a rukuni mafi ƙanƙanta wanda yara ke iya bugawa, wasu ƙasashen kuma sun fi tsanani. Ku nemi a rubuta cewa babu na'urar da ke biyan kuɗi, kuma ba a mayar da tikiti kuɗi.

Abin da bai kamata ku nema ba

Wani zai kawo shawarar na'urar da ake kira Mosquito, wadda aka ƙirƙira a Birtaniya a 2005, mai fitar da siririn sauti wajen kilohaz 17 da galibi matasa ke ji, manya ba sa ji. Ba ta bambance mai laifi da marar laifi, har jariri a goye tana damunsa, kuma majalisar wakilai ta ƙungiyar ƙasashen Turai da ake kira Council of Europe ta nemi a haramta ta a 2010. Haka nan duk dokar da ta dogara da kamanni ko sutura za ta jawo rigima da iyaye. Dokar wurin ta tsaya kan aiki: toshe ƙofa, gudu, zagi, faɗa, shan wani abu. Gargaɗi sau ɗaya, sai kora ta yini, sai ta wata guda tare da sanar da iyaye. Kada a manta waɗannan yaran 'ya'yan abokan cinikinku ne, kuma uwar da ke jiran ɗanta awa guda ba a mota take ƙare awar ba. Masu kayan sha, kayan waya da aski sukan ga ƙarin ciniki. Wanda ya fi cutuwa shi ne mai sana'ar da ke buƙatar shiru, kamar ɗakin gwajin ido ko ofis, kuma wani lokaci maganinsa shi ne a nemi mai gini ya ba gidan gem shagon ƙarshen layi mai ƙofarsa ta waje.

Zaman da kansa

Ku je da wakilai biyu ko uku da takarda ɗaya mai sharuɗɗan da ba su wuce goma ba, kowa ya sa hannu. Taron mutum ashirin kowa na faɗin nasa yakan ƙare da mai gini ya ce zai duba. Ku gayyaci mai gidan gem ya zauna, domin shi ya san abin da zai iya, kuma sau da yawa yana da dabarar da ta fi taku araha.

Alkawarin baki, ko wasiƙar da mai gidan gem ya rubuto muku, ba ta ɗaure kowa. Ku ba ku cikin yarjejeniyarsa, mai gini ne kaɗai ke iya tilasta masa. Saboda haka sharuɗɗan su shiga cikin hayarsa a matsayin rataye, mai gini kuma ya ba ku takarda cewa zai aiwatar da su. A bayyana abin da zai biyo bayan saɓawa: sanarwa a rubuce, kwana 14 na gyara, in an maimaita sau uku a rage lokutan buɗewa ko a ɗora masa kuɗin ƙarin gadi. A sa lambar waya ɗaya ta wanda ke wurin kuma yake da ikon yanke hukunci, tare da littafin ƙorafi mai kwanan wata, lokaci, da abin da aka yi a kai. A rubuta cewa sharuɗɗan suna bin shagon ko da an sayar da sana'ar ga wani. Sannan a tsayar da ranar sake zama bayan kwana 90, a zaɓe ta yadda hutun makaranta ɗaya zai faɗo a ciki, kowa ya zo da awonsa na farko a ajiye kusa da na yanzu.